Awa Bakwai na Injin Kawu

Wata Asabar, ƙarfe takwas na safe, ni da Kawu muna gidan injinsa na surfe a Isa. Yau, shekara guda da rasuwarsa, ƙamshin dusa mai ɗumi ya tuna mini da wannan Asabar ɗin.

Na yi wa wani falke alkawarin surfa buhun gero arba'in kafin magariba: huɗu a awa, awa goma.

Kawu ya dafa injin, ya lumshe ido kamar mai sauraron ruwan sama.

"Ɗana, ka hidda salla? Ka hidda hucewar inji da ɗaurin bel? Awa bakwai gare mu. Tahi ka hwaɗa mai gaskiya."

Na tafi cike da kunya. Ashirin da takwas muka surfa, falken kuma bai sauya gida ba.

Allah ya sanyaya makwancin Kawu.