Ranar da Inna ta faɗi sunana

Inna na kwance ta runtse ido, ta riƙe ƙafar gado, wai ɗakin juyawa yake da ita. Sau uku tana amai. Ruwa ya cinye hanyarmu ta zuwa Haɗeja, jirin kuma ba zai bar ta ta zauna a kwalekwale ba.

Malamarmu ta taɓa nuna mana yadda ake ganin likita ta waya. Na kira, wata likita ta fito a bidiyo.

Ta ce sai ta fara tabbatarwa ba shanyewar ɓarin jiki ba ce. Ta sa Inna ta yi murmushi, ta ɗaga hannu biyu. Sannan ta ce, "Mama, faɗa mini sunan 'yar nan taki, in ji fitar maganarki."

Inna ta yi shiru.

Muryar likitar ta canza. "Yarinya, in ta kasa magana, ku nemi kwalekwale yanzu-yanzu."

Da ƙyar na ce, "Likita, ni ce 'yar farinta. Ba ta taɓa faɗin sunana ba."

"Mama, yau ɗaya dai, don lafiyarki."

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce, "Hadiza." Tar, ba gargada.

Likita ta ce alamun sun fi kama da kumburin can cikin kunne. Ta rubuto magani, ta ce mu je asibiti da zarar jirin ya lafa.

Inna ta warke, sunan kuwa ba ta sake faɗa ba. Amma dai na ji da kunnena. 'Yan fari, ku kun taɓa ji?