Malafar Baba

Shekarar da malamin gona ya zo daga Mayahi don auna gonarmu, da 'yar na'urar GPS mai nuna wuri ya zo. Baba ya shimfiɗa masa tabarma a zaure. Malamin ya ce na'urar ba ta aiki ƙarƙashin rufi, sai ta ji saƙon taurarin ɗan Adam aƙalla huɗu, ta auna nisanta da kowanne, sannan ta nuna inda take. Ya fita cikin rana yana jira.

Baba ya kasa zama a inuwa baƙonsa na rana. Ya cire malafarsa ya kifa masa, ya tsaya gefensa har lambobin suka fito.

Yau wayata nan take take nuna mini inda nake. Malafar na nan rataye a zaure, mai ita ne babu.