Kwamfutar da Yatsa Goma Ya Zaɓa

Shekara talatin da huɗu ya yi a barandar kotu, shi da tafiretarsa da teburin da ake tokare wa ƙafa ɗaya da kwali. Sunansa na yanka ya daɗe da ɓata. Kowa Yatsa Goma yake ce masa, don a layin masu buga takardu shi kaɗai ne yake aiki da yatsunsa duka, ko kallon madannai ba ya yi. Sauran da yatsa biyu suke caccaka, kamar kaza na tsintar hatsi. Takardar rantsuwa, ƙorafin fili, wasiƙar neman aiki, duk sun bi ta hannunsa. Mutumin kirki ne, amma yana da aibi guda, ba kuwa zan rufa masa ba: in ya ce ya san abu, to magana ta ƙare.

Da shagunan kwamfuta suka buɗe a tsallaken titi, abokan sana'arsa suka watse ɗaya bayan ɗaya. Shi ya ƙi motsi. Sau ɗaya ya leƙa shagunan, ya fito yana taɓe baki, wai ai tafireta ce aka liƙa wa gilashi. Masu kawo masa aiki suka ragu, sai 'yan tsofaffin da suka saba. Wani yinin haka zai zauna daga safe har la'asar yana goge madannai da ɗan burushinsa, abin tausayi, ba wanda ya ce masa kanzil.

Sai ga autarsa ta samu gurbin karatun kimiyyar kwamfuta a jami'a. Ranar ya zagaye barandar nan kaf yana faɗa wa kowa cewa Auta ta gaje shi. Yayyenta maza suka haɗa hannu za su saya mata laftof, babbansu ya ce zai raka ta kasuwa.

"Ina raye?" in ji Yatsa Goma. "Wa ya fi ni sanin abin bugu a gidan nan?"

Suka bar masa. A gidan, wannan ne abu guda da ya rage ana tambayarsa a kai, shi ma ya san da haka.

Da hantsi suka isa shago. Auta tana riƙe da wata 'yar takarda da wata ɗalibar ajin ƙarshe ta rubuta mata: girman ƙwaƙwalwar da ake buƙata, da irin injin da zai ɗauki aikinsu. Mai shago ya karanta, ya sauko da wata siririya mai ruwan toka. Yatsa Goma ya ɗora yatsu, ya danna sau uku, ya janye hannu.

"Wannan ai ba ta amsawa. Kamar mutum na danna faranti."

Can ƙasan kanta ya hango wata baƙa, mai kauri, madannanta a tsattsaye. Aka ɗora masa ita a tebur. Ya gyara zama, ya rufe ido, ya sake yatsu. Ƙarar bugun ta cika shagon. Masu ciniki suka juyo, maƙwabcin shago ya leƙo, wani ma ya tafa. Rabon da a tsaya ana kallon aikinsa har ya manta, daɗi kuwa ya ratsa shi har ƙashi.

Mai shago dai ya sauke nauyi. Ya ce, "Baba, gaskiya wannan tsohuwa ce, ƙwaƙwalwarta 'yar ƙarama. Ba za ta ɗauki aikin ɗalibai ba."

"Ni ma tsoho ne. Wane aiki ne ya gagare ni?"

Aka kwashe da dariya. Auta ta dubi takardarta, ta dubi fuskar ubanta da ta daɗe ba ta gan ta a washe haka ba. Ta ninke takardar ta cusa a jaka.

"Ta yi, Baba," in ji ta.

Shekarar karatu ta zagayo. Duk sanda ta kira waya sai ya tambayi lafiyar kwamfutar kafin tata, ita kuwa ta ce lafiya lau. Da ta dawo hutun ƙarshen shekara, washegari da safe tana wanke-wanke a tsakar gida, ya ɗauko laftof ɗin da burushinsa, wai zai yi mata gata.

Yana buɗewa ya tsaya cak. Wanda ya shekara talatin da huɗu yana bugu ba a yi masa ƙarya da madannai. Abin da ake aiki da shi, haruffan da aka fi dannawa sukan yi santsi, dogon madannin ƙasa yakan yi sheƙi daidai inda babban yatsa ke sauka. Ya shafa su ɗaya bayan ɗaya. Yadda ya bar su haka suke, sai ma ƙura da ta kwanta a tsakaninsu.

"Auta, zo nan."

Ta zo tana goge hannu a zani. Tana ganin abin da ke gabansa ta sunkuyar da kai.

"Yaushe rabonki da ita?"

"Tun sati na biyu, Baba. In na buɗe manhajar da muke aiki da ita sai ta sandare."

"To da me kike karatun?"

"Akwai ɗakin kwamfuta a makaranta. Ana bin layi. Wani lokacin kafin ya iso kaina an rufe."

"Jarrabawa fa?"

Nan hawaye suka zubo mata. Darussa uku ta faɗi, duka na aikin kwamfuta. Za ta maimaita shekara.

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Baba, ranar nan a shago kana ta dariya."

Kunya da baƙin ciki suka taru suka rufe shi. Da ma faɗa ta yi masa, da ya fi sauƙi. Yarinyar ta ba da shekara guda ta rayuwarta don kada ubanta ya ji kunya a gaban mai shago, shi kuwa ya karɓa yana murna. Ya mayar da burushin aljihu, yinin nan ko barandar kotu bai leƙa ba.

Bayan kwana uku, da yayyenta suka sake haɗa abin da ya sawwaƙa, suka koma kasuwa su biyu, shi ne ɗauke da baƙar kwamfutar a hammata, za a musanya ta da wata. Mai shago ya hango shi tun daga nesa, ya ɗaga murya.

"A'a, Baba mai yatsu! Shigo ka sake yi mana irin na rannan!"

Yatsa Goma ya tsaya a bakin ƙofa. Ya miƙa wa Auta kayan, ya nemi bencin da ke waje ya zauna.

"Baba, ba za ka shigo ba?"

"Takardar nan tana wurinki?"

"Tana nan."

"To shiga ki ba shi. Abin da ta ce, shi za ki ɗauka."

"Ko gani ba za ka yi ba?"

Ya girgiza kai, ya cusa hannuwansa biyu ƙarƙashin cinyoyinsa ya danne.

"Je ki, Auta. Ni in na shiga, sai na taɓa."