Ƙwayoyina a Ɗakin Inna

Ana idar da sallar asuba muka bar Nassarawa GRA, ni da Umma da direban gidan da Baba yake gadi. Waya aka yi mana cewa jikin kakata Inna ya rikice a ƙauyenmu, gaba da Ringim. Kujerar baya aka bar min, don tun da aka yi min aikin jijiyar gwiwa ƙafar ba ta son lanƙwasa. Daga Gezawa kowane rami sai na ji shi a ƙashi. Mun tsaya sayen ƙosai, ƙanana ƙwarai, har direba ya tambayi mai suyar ko yaye su aka yi da wuri.

Bayan aikin nan asibiti sun sa ni cikin wani gwaji. Maganin ciwon suga suke ba mu, su ga ko zai hana amosanin gaɓɓai kama gwiwar nan gaba. Sun ce min wasunmu na gaske suke sha, wasu kuwa ƙwayar gari ce mai kama da shi, ko likitan bai san wa aka ba wanne ba.

Mun tarar da Inna kwance, leɓe a bushe, ba ta gane ni ba. A kan taga na hango robar maganina da na yi ta nema watan jiya. Umma ta ce ita ta aika da ita, wai maganin sugan Inna ya ƙare, ga tsada, ni kuma ba ni da suga.

"Ba duk maganin suga ba ne?" in ji ta.

Na ce, "Umma, wataƙila ba komai a ciki."

Sai ta zauna a ƙasa.

A hanyar kai Inna asibiti na kira nas ɗin gwajin. Ta ce za a iya duba wanne aka ba ni, amma daga nan na fita daga gwajin. Na ce a duba. Gari ne. Tun watan jiya Inna gari take haɗiya da bismilla.

Ni da direba muka dawo Kano da la'asar, Umma na can, ana yi wa Inna ƙarin ruwa. Har yanzu Inna ba ta yi magana ba, kuma duk ƙarar waya sai na yi wuf na duba. Abin da na gane a tafiyar nan, ni kaɗai aka zaunar aka yi wa bayani, alhali a gidanmu magani ba ya zama na mutum ɗaya. Ku sa Inna a addu'a.