Direban da Ya Tsayar da Mota a Tsakiyar Jerin Gwano

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga wata, gab da la'asar, 'yarka ta fari ta kira ni ta ce, "Baba, abokinka ya cika." Na zauna a ƙofar sito da makullai a hannu.

Shekara ashirin da biyu muka yi a ma'aikata ɗaya, ni mai kula da sito, kai direban babbar mota. Sannu-Sannu muke ce maka, don ko tsohuwa mai sanda tana iya riga ka isa kasuwa. In an tsokane ka sai ka ce, "Kayan da na ɗauko ba su ce mini suna sauri ba." Ba ka taɓa wuce mai ciki ko mara lafiya a bakin hanya ba, ko da za a yi maka faɗa a ofis.

Wannan tuƙi naka ne ya sa aka zaɓe ka a shekarar tsadar nan, da gwamnati ta shirya jerin gwano don nuna cewa tattalin arziki ya farfaɗo. Ga makaɗa, ga ma'aikata da sababbin riguna da tutoci, ga motarka a tsakiya da buhunan hatsi har sama. Sito kuwa wayam yake. Aka umarce ni in cika buhunan da ƙaiƙayi. Na cika, na ɗinke bakinsu da hannuna, ban gaya maka ba.

Ashe mota ba ta yi wa direbanta ƙarya. Kana tayar da ita ka ji ba nauyi. Ka dube ni, na sunkuyar da kai. Ka ja motar, har sai da ka hango mata ta madubi, da kwanuka a hannu da goyo a baya, suna bin ka cikin rana don sun zaci rabo za a yi a fili. Nan ka taka birki a tsakiyar titi. Ka hau bayan motar, ka farke buhu ɗaya, ka ce, "Iyayena, ku koma gida. Wallahi ko ƙwaya babu."

Kwamitin bincike ya zauna, aka kira ni. Tsoron rasa aiki ya kama ni, na ce hatsi na loda. Aka sallame ka, aka bar ka da sunan wanda ya karkatar da abincin talakawa. Ka koma facin taya a bakin titi, kuma kullum kai kake riga ni gaisuwa. Da ciwo ya kwantar da kai na je duba ka a asibiti, na buɗe baki zan nemi gafara, sai ka riƙe hannuna ka ce, "Bari, kai ma iyali gare ka."

Ka yafe mini, amma ban wanke ka ba, kuma kunyar wannan ba ta taɓa sake ni ba. Yau zan faɗa, kowa ya ji: ƙaiƙayi na loda. Ya ku 'ya'yansa, mahaifinku bai taɓa cin ƙwayar hatsin kowa ba.

Allah ya jiƙan ka, ya haskaka kabarinka, ya sa ma'auninka ya yi nauyi. Ga matarka da 'ya'yanka, Allah ya ba ku haƙuri. Ni kuma, in za ku iya, ku yafe mini.