Neman Takardar Ɗorawoyin Goggo

Yargoje zuwa Faskari

Ana sallame asuba na hau bayan babur zuwa Ƙanƙara, saƙon Goggo, ƙanwar babana, yana kaina. Ɗorawa uku ta gada a wani ƙauyen Sabuwa, daga can ake aiko mata kalwar daddawa duk shekara. Sai ta ji an ba wani kamfanin noma hayar filin. "Kai ka yi boko," in ji ta, "je ka gano mani mi anka rubuta."

Bakwai saura kwata motarmu ta tashi zuwa Faskari, inda ofishin kamfanin yake. Shinge uku muka wuce, ban ƙirga sauran ba, don gyangyaɗi ya ɗauke ni. Na ganni ina yaro ƙarƙashin ɗorawoyin nan, jan furensu yana lilo bisa kaina, ƙudan zuma na ta kuka.

Faskari

Tara da rabi na samu wakilin kamfanin, mai fara'a har ta yi yawa. Ya ba ni shayi, ya hana ni takarda.

"Malam, ai sirri ce. Amma mai unguwar ƙauyen na da kwafi."

Sabuwa

Ta Funtuwa da Ɗandume muka bi, hanya ta kwance mani ƙugu. Bayan azahar na durƙusa gaban mai unguwa. Ya ciro takardar daga adaka, naɗe cikin leda. Da Turanci take, ga dangwalen yatsun dattawa a jere, kuma babu wanda ya taɓa karanta masu ita. Na karanta: fili da duk abin da ke kansa, shekara hamsin, da izinin sharewa.

"Baba, har da itatuwa fa."

Ya yi murmushi. "Haba ɗana. Gona daban, icce daban. Ko saida gona anka yi, ɗorawa ta mai ita ce. Kowa ya san haka."

Kowa ya sani, ban da takardar. Na je na tsaya ƙarƙashin ɗorawoyin Goggo har la'asar, kowace an shafa mata jan fenti a gindi, alamar za a sare ta. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Gida

Na kwana gidan mai unguwa, Allah Ya saka masa da tuwon dawarsa. Washegari da la'asar na iso Yargoje lafiya, alhamdulillahi. Goggo ta saurare ni har ƙarshe, ba ta katse ni ba.

"Sunana na ciki?"

"Babu, Goggo."

Ta daɗe tana kallon hannunta.

"To ni ban dangwala ba. Gobe ka kai ni."