Motar Da Ba Ta Durƙusa Ba

Jurandir ba ya shan gahawa a zaune. Yakan riƙe ɗan kofin yana zagaya gareji, ya ajiye shi kan wata mota, ya manta, ya zuba wani. Matarsa Neuza ta ce shekara talatin ba ta taɓa ganin ya cinye abincin rana da zafinsa ba.

A garin Cascavel, duk mai tseren mota na mita ɗari biyu ya san shi. Ba tuƙi yake yi ba, ƙafar mota yake gyarawa: sifirin, shokozoba, iskar taya. A kan Opala ya yi suna, tsohuwar motar nan da ke turi da tayoyin baya. Da fitila ta ba da kore, sai ta durƙusa ta baya, ta ɗaga hanci, nauyi ya danne tayoyin da ke aiki, ta fice kamar an harba ta. Wannan durƙuson shi ne abin da Jurandir ya fi ƙauna a duniya.

Sai 'yarsa Ivonete ta sayi mota ƙirar Gol don tsere, wadda ke ja da tayoyin gaba. Jurandir ya sani sarai irin wannan motar tauri take so ta baya, don kada nauyi ya gudu daga gaba. Da bakinsa ya bayyana wa mutane haka. Amma in ya shiga ƙarƙashinta da sifana, sai hannunsa ya sassauta bayan motar kaɗan. Kaɗan kawai, don ta yi kyan tashi.

Lahadi uku a jere tayoyin Ivonete suna ƙona kwalta a wuri ɗaya, abokin tsere ya yi nisa.

A ta huɗu, tana sa hular kwano ta ce, "Baba, yau in ta sake yi mini rawa a layi, gobe tana garejin Cleiton."

Cleiton shi ne ya koyi aiki a hannun Jurandir, yanzu ga garejinsa nan a tsallaken titi, da ƙaton allo. Yana kusa kuwa a filin tseren, yana cin fastel, soyayyen fulawa mai nama a ciki, da ruwan rake.

"Tsoho, bar ta ta kawo," in ji shi. "Zan ce kai ka koya mini, ba za ka ji kunya ba."

"Goge man bakinka tukuna, ɗan banza."

Jurandir ya kasa tsayawa wuri ɗaya. Ya taɓa kwalta da tafin hannu, ya auna iskar taya, ya je shinge ya dawo, ya sake aunawa. Da aka kira zagayen gwaji, maimakon ya tsaya a bayan motar yadda ya saba, sai ya zaga gefe ya kwanta rub da ciki, kuncinsa dab da ƙasa mai zafi.

Kore ta kama. Gol ta durƙusa, gwanin kyau. Daga inda yake kwance kuma ya ga abin da ba a gani daga baya: hancin ya ɗaga, tayar gaba ta saki ƙasa, tana ta juyawa a banza cikin hayaƙi.

Ivonete ta dawo ta wuce shi ko kallo babu. Wannan ya fi zagi ciwo.

Saura minti arba'in a kira ta. Ya sa jak. Ya ɗaure shokozoban baya har ƙarshe, har sai da ya hau kan but da nauyinsa duka motar ta ƙi motsi. Ya ɗaure gaban da ɗamara don kada ya ɗaga, ya rage wa tayoyin gaba iska. Sau biyu hannunsa yana komawa bayan motar da sifana don ya sassauta, yana janye shi.

"Baba, ka taɓa can kuma?"

"Ga sifanar, riƙe ta a wurinki."

Ta jefa ta ƙarƙashin kujera.

Da kore ta kama, Gol ba ta durƙusa ba, ba ta ɗaga hanci ba. Ta dai zame gaba a shimfiɗe, kamar an ja tabarma. Ivonete ta riga abokin tserenta isa layin ƙarshe da tsawon mota guda.

Mutane suka yi ihu. Cleiton ya buga masa kafaɗa. "Tsoho, ka hana ni ciniki."

Jurandir bai yi dariya ba. Ivonete ta fito da gudu ta rungume shi, gumi na zuba daga gashinta.

"Ka gani? Ka ga yadda ta tashi?"

"Na gani," ya ce. "Muni ne da ita."

Ya miƙa hannu a ba shi sifanarsa. Ta ce sai an isa gida. Ya tsaya jim da hannu wayam, sannan ya juya ya tafi neman inda ya ajiye gahawarsa.